Ga masu saya wa iyaye maganin ciwon gwiwa

Jama'a, Innarmu a ƙauye tana fama da ciwon gwiwa irin na zaizayewar guringuntsi. Idan za ta tashi daga sujada, sai ta dafa bango tukuna.

Na saya mata glucosamine, wani maganin ciwon gaɓoɓi wanda ake sha miligram 1,500 a rana. Gaskiya ba ya mayar da guringuntsin da ya ci, kuma manyan bincike sun nuna amfaninsa kaɗan ne. In kun gwada wata 3 babu sauƙi, ku daina zuba kuɗi. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya taɓa shi sai ya tambayi likita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ranar kasuwa. Wasu akwai dexamethasone ko diclofenac, magungunan rage kumburi da ciwo, a ciki. Gwiwa za ta lafa, amma daɗewa a kansu na cin ciki da ƙoda, fuska ta kumbura.

Yanzu don motsa gwiwar, kullum da hantsi Inna tana zama kan kujera, ta miƙe ƙafa, ta ƙirga goma, ta sauke. Rijiya kuwa jikoki ke zuwa.