Riƙon ƙungiyar kama wa ɗalibai ɗaki: yadda na koye shi a Jos

Shekara shida na yi ina shugabantar wata ƙaramar ƙungiya a nan Jos da ke sama wa ɗalibai marasa ƙarfi wurin kwana. Ba mu da gini namu. Haya muke kamawa a Unguwar Rogo da Unguwar Rimi da wajen Farin Gada, inda yaro zai iya takawa ko ya hau keke ya isa harabar Jami'ar Jos ta Bauchi Road ko ta Naraguta. Gadajen makaranta ba sa isar kowa, shi kuwa wanda ya taso daga Wase ko Kanam da buhun masara da jaka ɗaya, in bai samu gado ba, sai masallaci ko ɗakin aboki. In an ɗora maka wannan nauyi, ga inda za ka fara.

Ka gyara takardu kafin ka roƙi ko sisin kwabo. A yi wa ƙungiya rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Za a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Sai takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai nema kafin ya buɗe muku asusu. Kowace shekara kuma akwai rahoton da ake kai wa CAC, kada ka bari ya taru.

Kuɗi kada ya kwana a aljihunka, kada ya biyo ta asusunka. Mutum biyu ne za su sa hannu kafin a cire. Wata Juma'a bayan an idar da sallah wani bawan Allah ya damƙa mini ambulan, ya ce ba ya son a san shi. Na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, sunanka ba zai fita ba, amma mu ƙarasa wurin ma'aji a rubuta rasit." Ransa ya ɗan sosu a ranar, amma har yau shi ke biyan hayar ɗaki biyu. Ka kuma raba zakka da sadaka a littafi. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, don haka ka tuntuɓi malamai kafin ka taɓa ta, kada ka sayi fenti ko takardun ofis da ita.

Aikin da ya fi hana ni barci shi ne zaɓen wanda za a ba ɗaki. Masu nema kullum sun ninka gadajen. Ku rubuta sharuɗɗa tun kafin a buɗe karɓar takardu: shaidar samun gurbin karatu, rasit ɗin kuɗin makaranta, halin da gida yake ciki, nisan garinsu. Maraya da mai lalurar jiki su ke gaba a wurinmu. Kwamitin mutum uku ke tantancewa, ni kuma in ɗan'uwana na cikin masu nema, ficewa nake yi daga zaman. Za a kira ka. Kawunka zai kira, mai unguwa zai aiko, wanda ya fi kowa ba ku kuɗi zai ce ga ɗan direbansa. Amsata ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, ya cike takarda, in ya cancanta ba zai rasa ba." Ranar da ka karya wannan sau ɗaya, kwamitin ya zama hoto, yaran kuma suna sane da komai.

Nan Jos ne, saboda haka ka tambayi ɗalibi inda hankalinsa zai kwanta, Musulmi ne ko Kirista, kada ka tura shi unguwar da zai riƙa kwana da ido ɗaya. Rikicin watan Agusta na 2021 da ya sa aka rufe jami'a, jihohi suka aiko motoci suka kwashe 'ya'yansu, shi ya koya mini ajiye lambar iyayen kowane yaro a takarda da kuma a waya.

Da mai gida kuwa, komai a rubuce, da shaidu. Ka je ka ga ɗakin da idonka. Ka leƙa rijiya, ka tambayi maƙwabta ko tana ƙafewa a watan Maris. Ka duba mita ko akwai tsohon bashin wuta. Ka taɓa tagogi, domin sanyin Disamba da Janairu a Jos ba wasa ba ne, kuma in taga ta fashe yara kan kunna gawayi su kulle ƙofa, hayaƙinsa kuwa yana kisa cikin barci. Wannan gargaɗin da bakina nake yi wa kowane sabon shiga. Gidan 'yan mata daban, da ƙofa mai ƙarfi da dattijuwar da za su kira Mama in dare ya yi.

Kalandar haya ba ta san ta makaranta ba. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakuna a kulle haya tana tafiya. Tun daga nan muke ware kuɗin ko-ta-kwana, muna kuma roƙon masu gidaje a sa sharaɗin rangwame in an rufe makaranta. Wasu kan yarda. Ka taimaka wa yaran su nemi bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, naira 20,000 da ake bayarwa a wata tana rage musu wahalar abinci da kuɗin keke.

Kada ka ɗauki hoton ɗalibi yana karɓar mabuɗi ka sa a Facebook. Masu bayarwa rasit da lissafi ya ishe su, duk wata uku nake karanta musu shi a zama.

Tun shekararka ta farko ka jawo mataimaki kusa, ya san kowane mai gida da ranar da kowace haya ke ƙarewa. Da wa'adina ya cika, na miƙa wa wanda ya gaje ni fayil huɗu da damin mabuɗai, muka zaga gidajen tare a yini biyu, ina gabatar da shi ƙofa ƙofa.