Yadda nake noman inabi a bayan gida ba tare da takin zamani ba

A yankin Savoie na Faransa, cikin tsaunukan Alps, akwai wani jan inabi mai suna Persan da ya kusa ɓacewa, sai ƙananan manoma suka riƙe irinsa. Su giya suke yi da shi, wannan kuwa ba ruwana. Abin da ya ja hankalina shi ne, a can sanyi ke sa inabi ya zubar da ganye ya huta kafin ya sake haihuwa. Mu a Kaduna hunturunmu bai kai nan ba, almakashi ne ke yi mana wannan aikin.

Iri tukuna. Nawa wajen manoman Kudan na samo, reshe mai kaurin fensir, mai ido huɗu. Ka soka shi a leda mai ƙasa da yashi, ido biyu a waje, ka ajiye a inuwa. In ya yi saiwa, sai ka dasa a rami mai zurfin gwiwa, ka cakuɗa ƙasar da kashin shanu da ya ruɓe sarai. Wanda bai ruɓe ba, gara kake gayyata. Ni sai da ta ci min biyu kafin na koyi barbaɗa toka da dakakken ƙwallon dogonyaro.

Shekarar farko kada ka yi kwaɗayin 'ya'ya. Reshe ɗaya za ka bari ya hau rumfa.

Babban aikin shi ne aski. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba, ka datse rassan, ka bar 'yan idanu a kowanne, ka tsige ganyen tas. Ranar da na fara, maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Haba Malam, ai ka kashe shi!" Bayan mako biyu da ban ruwa idanun suka fashe. Dalilin jiran kaka kuwa, furen da damina ta daka ruɓewa yake yi, amma wanda ya fito da rani yakan nuna lafiya cikin wata huɗu, wajen Fabrairu.

In ka ga farar ƙura a ganye, barbaɗa farar wuta da yamma, don da tsakar rana ƙona ganyen take yi. Tsuntsaye kuma tsohon gidan sauro ya ishe su. Kuma ka ɗanɗana na ƙasan nonon kafin ka yanke, domin inabi ba ayaba ba ne, in an cire shi da tsami, haka zai zauna a faranti.