Yadda ake kurme a tsohon ramin ma'adinai da ruwa ya cika

Mu da muka taso a Bukuru, kusa da Jos, mun san kududdufan kuza tun muna yara. Kamfanonin Turawa ne suka haƙe su tun farkon ƙarni na 20, suka kwashe kuzarsu, suka bar ramukan ruwa ya cika. Yanzu ina zaune a Idi-Araba a Legas, kuma samarin da suka ga ina goya tulun iska ina shiga teku ta wajen Tarkwa Bay ba su da tambayar da ta wuce: "Yaya, idan mun je gida za mu iya leƙa ƙasan kududdufin nan?" Za a iya, amma da sharuɗɗa masu nauyi.

Da farko ka koyi kurme a buɗaɗɗen ruwa a hannun malami mai takardar shaida. Takardar farko ta tsayar da kai a zurfin mita 18. Ba ta ba ka izinin shiga inda akwai rufi a saman kanka ba. Wannan horo ne daban, irin na masu shiga kogo. A teku idan abu ya ɓaci sama kake yi. A cikin ramin da aka haƙa a kwance, dutse ne a samanka.

Sai ka je wurin da rana, ba tare da kaya ba. Ka gaida mai unguwa, ka nemi izini, ka tambayi dattawa inda gaɓa ke zaftarewa da inda aka taɓa rasa rai. Ka san nisan asibiti da ko waya na kamawa.

Igiya ita ce ranka, don haka bari in daɗe a kanta. Ana ɗaure bakinta a buɗaɗɗen ruwa, kana tafiya kana warwarewa, kana sake ɗaurawa a duk inda hanya ta lanƙwasa. Dalili shi ne laka. Ruwan ramin a tsaye yake shekara da shekaru, lallausar laka ta kwanta a ƙasa kamar garin da aka tankaɗe. Ƙafa ɗaya ta taɓa ta, sai ruwa ya koma kamar kunu, ko tafin hannunka ba za ka gani ba, fitila kuma ba ta da amfani a lokacin. Sai ka zagaye igiyar da babban yatsa da manuni, ka bi ta a hankali har waje. Shi ya sa ake buga ƙafa irin na kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, don kada ruwan da ka tura ya daki ƙasa.

Iskar tulunka ka raba ta uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Idan ka fara allurar ma'aunin iskar tulunka tana kan 210, da ta sauka 140 ka juya, ko me ka hango a gaba. Fitila uku, abokin tafiya ɗaya aƙalla, da mutum a bakin ruwa.

Kada ka taɓa katako ko ƙarfen da aka tokare rufi da shi. Ya riga ya ruɓe. Idan ka tarar da wani lungu mai iska a sama, kada ka cire abin shaƙa daga bakinka, domin iskar wurin tana iya zama guba.

Akwai abin da ɗan Legas ke mantawa. Nan muna daidai da teku, Jos kuwa tana kan tudu wajen mita 1,200. Duk kurmen da aka yi sama da mita 300 lissafinsa daban ne, sai ka saita kwamfutar kurme da ake ɗaurawa a hannu, mai lissafin zurfi da lokaci, kuma ka kwana ɗaya bayan isowa kafin ka shiga. Ruwan can ya fi na Legas sanyi, ka sa riga mai kauri.

Wajen fitowa kada ka riƙe numfashi, ka tashi a hankali, kamar mita 9 a minti, ka tsaya minti 3 a mita 5 don iskar naitirojin ta fita daga jini. Idan ka yi kurme fiye da sau ɗaya, ka jira awa 18 kafin ka hau jirgin komawa Ikeja.