Kiwon karen Bloodhound: hancinsa ne ke jan sa

Kafin ka kawo Bloodhound gida, duba katangarka tukuna. Ana danganta asalinsa da sufayen Kirista na gidan ibadar Saint-Hubert a Beljiyam, namijinsa kan kai kilo 50, kuma da zarar ya sa hanci a ƙasa ya kama wari, ko maƙogwaronka zai tsage ba zai waiwayo ba. Ni ba na sakin nawa a waje ko da wasa. Doguwar igiya nake ɗaura masa a ƙirji, mu fita da sassafe ya yi ta shinshine-shinshine, don zafin rana na wahalar da shi.

Kunnuwan nan su ne babban aiki. Dogaye ne, suna sharar ƙasa, suna tsunduma cikin kwanon abinci, iska ba ta shiga ciki. Duk mako ka ɗaga su ka goge da auduga. In ka ji wari mai tsami, ko yana yawan kaɗa kai, sai likitan dabbobi. Fatar fuskarsa mai ninki ma a goge a busar. Yawu kuwa ba a magana: ajiye tsumma kusa, kuma kada ka je wurinsa da kayan sallarka.

Raba masa abinci sau biyu ko uku a rana, kada ya yi gudu da ya gama ci, don karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu kan kumbura ya murɗe. In cikinsa ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, garzaya da shi asibitin dabbobi a take, ko da tsakar dare ne.