Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar dokar bugun onsayid a gasar NFL

A ƙwallon ƙafar Amurka, ƙungiyar da ta ci maki ita ce ke buga ƙwallo ga abokiyar karawarta domin a ci gaba da wasa. Bugun onsayid dabara ce ta kauce wa wannan miƙa ƙwallo: a buga shi gajere yana tsalle a ƙasa, da fatan masu bugun su sake cafke shi bayan ya yi tafiyar yadi goma. Hukumar NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, ta yi ta taɓa dokar wannan bugu tun daga 2018, shi ya sa yawancin kurakuran masu kallo da masu sharhi suke fitowa daga wuri guda, wato auna wasan yau da dokar da aka riga aka soke.

Mafi girman kuskure shi ne zaton har yanzu ana iya yin bugun ba-zata. Duk wanda ya daɗe yana bin gasar zai tuna wasan ƙarshe na cin kofi, wato Super Bowl, na watan Fabrairun 2010 a Miami, inda New Orleans Saints suka dawo daga hutun rabin lokaci Indianapolis Colts na gabansu da maki 10 da 6, sai koci Sean Payton ya sa Thomas Morstead ya yi bugun onsayid ba tare da kowa ya zata ba. Saints suka samu ƙwallon, suka kuma ɗauki kofin da ci 31 da 17. Irin wannan shammata ta ƙare a watan Maris na 2024, lokacin da masu ƙungiyoyi suka amince da sabon tsarin bugun fara wasa da aka aro daga XFL, wata gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta daban. A sabon tsarin, mai bugu yana tsayawa shi kaɗai a layin yadi 35 na ɓangarensa, sauran 'yan wasa goma kuma suna can a layin yadi 40 na ɓangaren abokan hamayya, don haka babu wanda ke kusa da zai bi gajeren bugu. Dole ƙungiya ta sanar da alƙalan wasa cewa onsayid za ta yi, sannan kowa ya koma tsohuwar tsayuwa. Idan ba ka ga an canza jeri ba, kada ka sa ran komai.

Daga nan sai rikita dokar 2024 da ta 2025. A kakar 2024, ba a yarda da bugun ba sai a zango na huɗu, wato na ƙarshe a wasan, kuma sai ga ƙungiyar da ake ci. A 2025 aka sassauta, ta yadda ƙungiyar da ke baya a maki za ta iya nema a kowane zango, amma sharaɗin sanarwa yana nan. Ke nan a dokar 2025 Saints za su iya neman bugun da suka yi a 2010, tunda suna baya, sai dai Colts za su jira su a shirye. Maganin wannan ruɗani shi ne a duba shekarar da aka yi wasa kafin a yanke hukunci a kan abin da koci ya yi ko ya ƙi yi.

Wasu kuma suna ɗora wa sauyin 2024 laifin wahalar da bugun ya yi, alhali matsalar ta girme shi. A 2018 ne aka hana masu bugu tasowa da gudu daga baya, aka kuma wajabta su rabu biyar-biyar a dama da hagun ƙwallo, duk don rage buguwar kai. Kafin wannan, ana iya tara mutane a gefe guda su auka wa masu tarba. Nasarar bugun ta faɗo daga kusan ɗaya cikin biyar zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma, abin da ya sa a 2021 aka taƙaita masu tarba da za su tsaya a yankin gaba zuwa mutum tara.

Ka'idar yadi goma ma ana yi mata gurguwar fahimta, kuma abin mamaki har ƙwararrun 'yan wasa sun taɓa faɗawa ciki. Ka'idar ta ɗaure masu bugu ne kawai, masu tarba suna da ikon faɗawa kan ƙwallo tun kafin ya kai layin. A watan Satumbar 2020, 'yan Atlanta Falcons suka tsaya suna kallon ƙwallon da Greg Zuerlein na Dallas Cowboys ya buga yana juyawa a ƙasa har ya cika yadi goman, C.J. Goodwin ya danne shi, Dallas ta ci wasan da 40 da 39. Da ɗaya daga cikinsu ya kwanta a kansa tun da wuri, da magana ta ƙare. A ɗaya gefen, idan masu bugu suka samu ƙwallon, ba su da damar gudu da shi, a nan inda suka kama shi wasa yake tsayawa.

Akwai kuma masu cewa an maye gurbin bugun da damar gwaji guda na cin yadi 15, wanda idan ƙungiya ta yi nasara sai ta ci gaba da riƙe ƙwallo. Denver Broncos sun kawo shawara irin wannan a 2019, Philadelphia Eagles ma sun kawo a 2020, amma masu ƙungiyoyi ba su amince ba. A gasar XFL ta 2023 aka yi aiki da ita. A ganina shawarar ta fi bugun da kowa ya san zuwansa armashi, sai dai har zuwa kakar 2025 ba ta shiga littafin dokokin NFL ba. Haka nan wanda ya ga bugun ba-zata a wasan jami'o'in Amurka kada ya ɗauka an karya doka, domin hukumar NCAA ce ke tsara nasu dokokin, kuma sauyin NFL bai shafe su ba.