Kurakuran da ake yi da "growing pains" a rubutun Turanci

Ɗalibai masu shirin WAEC suna son wannan furuci, amma a cikin rubutun da nake dubawa kaɗan ne ke ajiye shi inda ya dace.

Asalinsa ciwon ƙafa ne da ke kama yara 'yan shekara 3 zuwa 12, a sha-raɓa da cinya da bayan gwiwa, da yamma ko cikin dare, gari na wayewa yaro ya tashi garau. Daga nan aka ari sunan don wahalar da kamfani ko makaranta ko gari ke sha lokacin da yake bunƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yar da harafin s. In ka rubuta "growing pain", mai karatu zai ɗauka ciwo ne da ke ta ƙaruwa. Jam'i ne kullum, don haka "are" ke bin sa: "These growing pains are normal." Haka ma "growing problems" matsaloli ne masu ƙaruwa, wata magana ce dabam.

Wasu kuma suna haɗa shi da "teething problems", wanda aka ɗauko daga fitowar haƙorin jariri. Shi wannan na ranakun farko ne, kamar sabuwar manhaja da ke tsayawa a makon da aka fito da ita. Makarantar da ɗalibanta suka ninka har kujeru suka kasa, ita ce ke cikin "growing pains", sai ka ce: "The school is going through growing pains."

Wanda ya fi damuna ba na nahawu ba ne. Furucin nan yana ɗauke da alkawari: wahalar daga girma ta fito, kuma za ta wuce. Na taɓa karanta rubutun wani ɗalibi da ya kira rashin wutar lantarki "growing pains" na Najeriya, ƙasar da ta samu 'yancin kai tun 1960. Yaron yana son ya koka ne, sai ga shi ya ba matsalar uzuri bai sani ba. Na kira shi na ce, "Ɗana, me ya girma har ya jawo wannan? Yaushe kuma kake sa ran zai wuce?" Ya yi shiru. Muka goge, ya rubuta "long-standing problem", wato matsalar da ta daɗe, sakin layin ya faɗi abin da ke ransa.