Yadda za ka gane ko sabon albashi ya iso ka

Shekara 19 ina riƙe da alli a firamare, kuma duk lokacin da aka ƙara albashi rigima ɗaya ake yi a ofishin malamai: alat ya shigo, kowa ya kalli waya ya ce an cuce shi. Wani lokaci an cuce shi ɗin, wani lokaci kuma bai iya lissafin ba ne.

Fara da sanin abin da doka ta ce. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan N70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, bayan N30,000 ta 2019. Wasu jihohi sun ɗora: Kano N71,000, Kaduna N72,000, Kebbi N75,000. Amma wannan kuɗin na wanda yake can ƙasa ne, lebul 1, kamar mai gadi ko mai shara. Kai da kake lebul 7 ko 8, ƙarinka yana cikin jadawalin albashin da jiharka ta daidaita da ƙungiyar ƙwadago. Nemi kwafinsa wurin shugaban ƙungiyar malamai ta NUT na ƙaramar hukumarka, ka ɗauke shi hoto a waya.

Sai ka karɓo takardar albashinka daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. A nan mutane suke sakaci. Alat abin da ya rage ne bayan an cire fansho, haraji, kuɗin ƙungiya, da bashin buhun shinkafar da ka ci da azumi ka manta. Jimillar kafin cire-cire ita za ka gwada da jadawali, a kan lebul ɗinka da matakinka. Ni da haka na gano an yi mini ƙarin girma a takarda, amma wata 14 ana biya na a tsohon lebul. Ba wanda ya faɗa mini, kuma da ban duba ba, shi ke nan.

In ka ga giɓi, kada ka tsaya mita a gindin darbejiya. Rubuta koke ta hannun hedimasta zuwa ga sakataren ilimi, ka haɗa takardar ɗauka aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe. Kwafi biyu, a buga maka hatimi a kan naka. Wanda babu hatimi, gobe za a ce ba a gan shi ba.

In matsalar ta kowa ce, to ba aikin mutum ɗaya ba ne. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, shi ya sa sau da yawa ma'aikatan jiha suke riga mu gani. Malaman firamare na Abuja sai da suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan N70,000 ɗin.

Idan za ka je ofis, tafi da takardun baba mai gadi ma. Shi ne dokar ta fi shafa, kuma shi ne ba ya iya karanta takardar.